Maƙalewar Sukari a Jikin Furotin da Illolin Ciwon Sukari: Nazari Kan Ma'aunin HbA1c a Yankin Malumfashi da Funtuwa

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci maƙalewar sukari a jikin furotin, abin da masana kimiyyar sinadaran jiki ke kira gilaikeshan, da rawar da take takawa wajen haifar da illolin ciwon sukari a ido da ƙoda da jijiyoyi da hanyoyin jini. An bi diddigin ayyukan masana tun daga 1912, sannan aka auna sakamakonsu da yanayin lafiyar jini a yankin noma na Malumfashi da Funtuwa da ke kudancin Jihar Katsina. Takardar ta nuna cewa haɗuwar sinadarai guda ce take haifar da ɓarnar, ita ce kuma take ba da ma'aunin HbA1c, sai dai ɓarnar tana bin tsawon rayuwar furotin masu daɗewa irin su kolajin, shi kuwa ma'aunin yana bin tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini. A inda sikila da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suka yawaita, ma'aunin zai iya saɓa wa ainihin halin da jiki yake ciki. An rufe da shawarwari ga asibitoci da masu bincike.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan wahalar da mai ciwon sukari yake sha tana zuwa ne bayan shekaru, lokacin da gani ya fara dusashewa, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, ƙafa ta daina jin zafi, ko gyambo ya ƙi warkewa. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta 2021 ta nuna cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkar ba a gano suna da shi ba. Duk shekarar da ta wuce ba a gano ciwon ba, shekara ce da sukari ya yi yana maƙalewa a jikin furotin ba tare da an taka masa burki ba.

Yankin Malumfashi da Funtuwa, wanda ya haɗa da Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ƙanƙara da Faskari, yanki ne na masara da dawa da auduga da waken suya. Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, ya taimaka wajen yaɗa noman masara da amfani da takin zamani. Bayan haka kuma injin niƙa da babur da shayi mai sukari da lemon kwalba sun sauya yadda ake ci da yadda ake motsa jiki, musamman a cikin garuruwa. Yankin ya dace da wannan nazari domin cututtukan jini da ya daɗe da su suna nan, ga kuma ciwon sukari yana ƙara samun gindin zama.

1.1 Manufar takarda

Takardar tana da manufofi uku: bayyana matakan da sukari yake bi ya maƙale a jikin furotin, nuna yadda hakan yake lalata gaɓoɓi, da kuma tantance iyakar amincin ma'aunin HbA1c ga mutanen wannan yanki.

2.0 Bitar ayyukan magabata

2.1 Daga tukunya zuwa jikin mutum

A 1912 masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana cewa idan aka ɗumama sukari tare da amino asid, cakuɗin yakan yi launin ƙasa-ƙasa. Wannan haɗuwa ce take ba ɓawon burodi da gefen tsire launinsu da ƙamshinsu. Shekaru da dama masana abinci ne kawai suka damu da ita, kuma a 1953 John Hodge ya tsara matakanta daki-daki. A 1968 Samuel Rahbar, yana aiki a Tehran, ya ga wani baƙon nau'in himogulobin a jinin masu ciwon sukari, wanda daga baya aka tabbatar himogulobin ne da gulukos ya maƙale masa. A 1976 Koenig da Cerami da abokan aikinsu suka nuna cewa wannan nau'i, HbA1c, yana hawa yana sauka daidai da yadda ake riƙe sukarin majinyaci. A 1981 Monnier da Cerami suka kawo hujjar cewa irin wannan haɗuwa tana gudana a jikin mai rai, a cikin furotin masu daɗewa. A 1992 Schmidt da Stern da abokan aikinsu suka gano makarɓin da ake kira RAGE a fatar ƙwayoyin halitta.

2.2 Ra'ayoyi kan muhimmancinta

Masana sun kasu. Wasu sun ɗauki maƙalewar sukari a matsayin babbar hanyar ɓarna. Wasu, irin su Baynes da Thorpe, sun jaddada cewa ba ta rabuwa da ɓarnar da iskar oksijin take yi wa ƙwayoyin halitta. A 2001 Michael Brownlee ya haɗa hanyoyi huɗu wuri guda: hanyar foliyol, da tarkacen maƙalewa, da kunnuwar inzayim ɗin PKC, da hanyar heksosamin, ya ce duk suna tasowa ne daga yawan sinadarin sufa'oksaid da mitokondiriya take fitarwa idan gulukos ya yi yawa a cikin ƙwayar halitta. Wannan takarda ta ɗauki matsayin cewa maƙalewa hanya ce ɗaya cikin hanyoyi, amma ita ce ta fi bayyana dalilin da ya sa illa take daɗewa ko bayan sukari ya sauka.

2.3 Ayyukan da aka yi a Nijeriya

Binciken cututtukan da ba a ɗauka na ƙasa baki ɗaya na 1992 ya ba da kashi 2.2 cikin 100 na masu ciwon sukari. Uloko da abokan aikinsa a 2018 sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar suka sami kashi 5.77, Arewa maso Yamma tana da mafi ƙanƙanta, kashi 3.0. A Sakkwato, Sabir da abokan aikinsa sun sami kashi 0.8 a cikin Fulanin karkara da kashi 4.6 a cikin Fulanin birni, abin da ya nuna tasirin sauyin zama. Binciken Diabcare na 2008, wanda ya duba majinyata 531 a manyan asibitocin ƙasar, ya sami matsakaicin HbA1c na kashi 8.3, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai suke ƙasa da 7. Fiye da rabinsu suna da lalacewar jijiyoyi, fiye da kashi ɗaya bisa uku kuma suna da lalacewar tantanin gani.

Ita Malumfashi tana da tarihin bincike nata. A shekarun 1970 an gudanar da Shirin Binciken Cututtukan da Suka Zauna a Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Likitancin Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful. Gilles da Pugh da Williamson da Bradley da sauransu sun wallafa jerin rahotanni kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji da ƙididdigar jama'a. Wasu daga cikin cututtukan da shirin ya auna suna cikin waɗanda suke taɓa jajayen ƙwayoyin jini, don haka aikinsu ya shafi batun da ke gabanmu.

3.0 Hanyar nazari

Nazarin bita ne na ayyukan da aka wallafa, an kasa su gida uku: na sinadarai, na gwajin majinyata, da na cututtukan jini a Arewacin Nijeriya. An ɗora sharhin a kan ginshiƙai uku da suke ƙayyade yawan maƙalewa: yawan sukarin da furotin yake zaune a ciki, tsawon lokacin zaman, da tsawon rayuwar furotin ɗin kafin jiki ya sauya shi. Wajen mayar da HbA1c zuwa matsakaicin gulukos an yi amfani da lissafin binciken ADAG na 2008: a ninka HbA1c da 28.7, a cire 46.7, sakamakon shi ne gulukos a miligiram cikin desilita. Misalan majinyata da aka kawo na bayani ne, ba a ɗauko su daga kundin wani asibiti ba.

4.0 Matakan maƙalewa

4.1 Matakin farko

Jiki yana da hanyar da yake ɗora sukari a kan furotin da gangan, ta hannun inzayim, a wurin da ya dace. Maƙalewa kuwa ba ta buƙatar inzayim. Haɗuwa ce kawai ta yau da gobe tsakanin gulukos da reshen amino na furotin, galibi a kan laisin ko a bakin sarƙar furotin. Cikin sa'o'i ake samun haɗin farko, wanda ake kira haɗin Schiff. Ba shi da ƙarfi, kuma idan sukari ya sauka yakan warware.

4.2 Mataki na biyu

Idan sukari ya ci gaba da zama a sama na kwanaki zuwa makonni, haɗin Schiff yakan sake tsari ya zama haɗin Amadori, wanda ya fi ƙarko. HbA1c haɗin Amadori ne a kan amino asid ɗin balin da ke bakin sarƙar bita ta himogulobin. Furuktosamin, wanda yawancinsa albumin ne da sukari ya maƙale masa, shi ma na wannan mataki ne.

4.3 Mataki na uku

Cikin watanni da shekaru, haɗin Amadori yakan farfashe ya sake haɗuwa, ya haifar da tarkacen maƙalewa, waɗanda ake taƙaita sunansu da AGE. Daga cikinsu akwai karboksimetil-laisin, wanda Ahmed da Thorpe da Baynes suka bayyana a 1986, da fentosidin, wanda Sell da Monnier suka bayyana a 1989, da gulukosifen, wanda shi ne ya fi yawa cikin masu ɗaure zaruruwan kolajin. Wannan mataki ba ya warwarewa. Tarkacen yana nan har sai an rushe furotin ɗin gaba ɗaya.

4.4 Gajeriyar hanya

Akwai wata hanya da ta fi sauri. Yayin da ƙwayar halitta take sarrafa gulukos, tana fitar da ɗan metilgilayoksal, wanda ya fi gulukos saurin maƙalewa sau dubbai, kuma ya fi kama arjinin. Inzayim ɗin gilayoksales ne yake share shi da taimakon gulutatayon. Idan gulukos ya yi yawa, sharar takan gaza. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin jini, da na matatar ƙoda, da na jijiyoyi, ba su iya rage shigar gulukos cikinsu idan ya yi yawa a jini. Wannan ne ya sa ɓarnar ta fi sauka a waɗannan wurare.

4.5 Tsawon rayuwar furotin

Albumin yana raguwa da rabi cikin kimanin kwana 20, shi ya sa furuktosamin yake ba da labarin mako biyu zuwa uku. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, shi ya sa HbA1c yake ba da labarin wata biyu zuwa uku, kusan rabin nauyinsa daga watan ƙarshe. Verzijl da abokan aikinsa a 2000 sun ƙiyasta cewa kolajin na fata yana ɗaukar kimanin shekara 15 kafin rabinsa ya sauya, na guringuntsi kuwa fiye da shekara 100. Furotin ɗin da ke tsakiyar madubin ido ba a sauya shi tun daga haihuwa. Furotin mai gajeren rai yana mutuwa da maƙalewarsa; mai dogon rai yana tara ta.

5.0 Yadda maƙalewa take haifar da illa

5.1 Hanyoyi uku

Ta farko ita ce ɗaure zaruruwa. Idan tarkace ya haɗa zaren kolajin da ɗan'uwansa, naman wurin yakan yi tauri kamar ƙirgin da ya bushe, ya rasa laushi, inzayim ɗin da ke sabunta shi kuma su kasa yanka shi. Ta biyu ita ce sauya aikin furotin da ke cikin ƙwayar halitta. Ta uku ita ce kunna makarɓin RAGE, wanda yake tayar da furotin ɗin NF-kB, ya jawo kumburi da fitar sinadaran da ke ƙara tabo da tsiron sababbin hanyoyin jini marasa ƙwari. Kunnuwar RAGE tana ƙara yawan RAGE ɗin kansa, sai abin ya riƙa ciyar da kansa.

5.2 Ido

A tantanin gani, ƙwayoyin da ke tallafe da ƙananan hanyoyin jini sukan mutu, bangon hanyoyin ya yi kauri ya kuma riƙa yoyo. Idan wasu suka toshe, sababbi masu rauni sukan tsiro su zubar da jini. A madubin ido kuma maƙalewa tana dunƙule furotin, tare da tarin sobitol, sai yanar ido ta zo da wuri.

5.3 Ƙoda

Matatar ƙoda takan yi kauri amma ta riƙa sakin albumin. Ƙullutun da Kimmelstiel da Wilson suka bayyana a 1936 alama ce ta wannan tabo. Ƙoda ce take fitar da gutsattsarin tarkacen maƙalewa daga jini, kuma Makita da abokan aikinsa sun nuna a 1991 cewa tarkacen yana taruwa a jini gwargwadon yadda ƙoda take gazawa. Ke nan ƙodar da ta fara lalacewa tana ƙara wa kanta kaya, har a kai ga wankin ƙoda.

5.4 Jijiyoyi da ƙafa

Maƙalewa tana taɓa furotin ɗin jijiya da murfinta da ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da ita. Majinyaci yakan fara da zafi da tsikari a tafin ƙafa da dare, daga baya ƙafar ta mutu. Ga manomi wannan haɗari ne na kullum. Bayan an yanke dawa, kututturen kara mai tsini yana nan a kan kunya. Mai shiga gona da silifas zai iya taka shi ya huda tafinsa, ya gama aikin yini bai sani ba, sai da yamma wajen alwala ya ga jini a bayan takalmi. Fatar da kolajin ɗinta ya yi tauri ba ta saurin haɗewa, jini ba ya isa wurin sosai, ƙwayoyin garkuwa kuma sun yi rauni, sai ɗan rauni ya zama gyambo. Binciken MEDFUN, wanda ya bi majinyata 336 masu gyambon ƙafa a manyan asibitoci shida na Nijeriya tsakanin 2016 da 2017, ya sami cewa an yanke gaɓa ga kimanin kashi 35, kimanin kashi 20 kuma sun rasu.

5.5 Manyan hanyoyin jini da gaɓɓai

Tarkacen maƙalewa yana kashe ƙarfin naitirik oksaid, sinadarin da ke sassauta hanyoyin jini, yana kuma riƙe kitsen LDL a bangonsu. Sakamakon shi ne taurin hanyoyin jini da hawan jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai wata alama da ba ta buƙatar na'ura: a ce majinyaci ya haɗa tafukan hannayensa yatsa a kan yatsa. Idan kolajin ya yi tauri, yatsun ba za su miƙe su manne ba, za a ga rata a tsakaninsu, galibi daga ƙaramin yatsa take farawa. Rosenbloom da abokan aikinsa sun danganta wannan alama da illar ƙananan hanyoyin jini a 1981.

5.6 Hujjar gwajin majinyata

Gwajin DCCT na Amurka da Kanada, wanda aka fitar a 1993, ya bi mutum 1,441 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya. Rukunin da aka riƙe HbA1c ɗinsu a wajen kashi 7, idan aka kwatanta da na wajen kashi 9, sun sami ragin haɗarin fara lalacewar tantanin gani da kashi 76, na jijiyoyi da kashi 60. Gwajin UKPDS na Birtaniya kan nau'i na biyu ya nuna a 2000 cewa kowane ragin maki 1 a HbA1c yana tafe da ragin kashi 37 na illar ƙananan hanyoyin jini. Da aka ci gaba da bin mutanen DCCT daga 1994, HbA1c ɗin rukunonin biyu ya dawo kusan ɗaya, amma bambancin illa ya ci gaba shekaru. Genuth da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa yawan maƙalewa a kolajin na fata ya yi hasashen ci gaban illar ido da ƙoda na shekara 10, ko bayan an cire tasirin HbA1c.

6.0 Ma'aunin HbA1c a yankin Malumfashi

6.1 Sharaɗin da ma'aunin ya dogara a kai

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da HbA1c na kashi 6.5 wajen tabbatar da ciwon sukari, amma da sharaɗin kada a sami yanayin da zai hana ingancin awon. Ga yankin da mutane suke zuwa asibiti daga nesa, ma'aunin yana da amfani a fili: ba ya buƙatar a zo ba a karya ba, kuma abincin jiya ba ya sauya shi. Sai dai lissafinsa ya ginu ne a kan cewa himogulobin nau'in A ne, jar ƙwayar jini kuma tana cika kwanakinta.

6.2 Sikila

A binciken Garki, wanda yanzu yake Jihar Jigawa, Fleming da abokan aikinsa sun ruwaito a 1979 cewa masu rukunin himogulobin AS sun kai kashi 24 a cikin jarirai da kashi 29 a cikin waɗanda suka haura shekara biyar, masu SS kuma kimanin kashi 2 na jarirai. Garki da Malumfashi duk ƙasar Hausa ce mai zazzaɓin damina. Mai SS da ba a ƙara masa jini ba ba shi da himogulobin A, ƙwayoyinsa kuma kwana 10 zuwa 20 suke yi, don haka ma'aunin ba shi da amfani a gare shi. Ga mai AS ko AC, wasu na'urori suna ba da sakamako daidai, wasu suna kuskure, gwargwadon hanyar awon. Lacy da abokan aikinta sun ruwaito a 2017 cewa baƙaƙen fatar Amurka masu AS suna da HbA1c ƙasa da na marasa shi da kimanin maki 0.3 a gulukos iri ɗaya, ko da yake masana suna muhawara kan ko daga jini ne ko daga na'ura.

6.3 Ƙarancin G6PD

Wannan gadon jini, ƙarancin inzayim ɗin G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma, ya fi bayyana a maza, kuma mai shi kan rayu lafiya bai sani ba. Wheeler da abokan aikinta sun nuna a 2017 cewa nau'in da ake samu a jinin 'yan Afirka yana rage HbA1c da kimanin maki 0.8 a maza. Wannan ragi ya isa ya mayar da mai kashi 7 ƙasa da iyakar tabbatar da ciwo.

6.4 Zazzaɓi da ƙarancin jini

Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, jiki ya maye gurbinsu da sababbi waɗanda ba su daɗe cikin sukari ba, sai HbA1c ya sauka. Zubar jini da ƙarin jini ma haka suke yi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa, wanda tsutsar ciki mai shan jini da tsargiya da haihuwa a kai a kai suke jawowa, yakan ɗaga shi. Mutum ɗaya zai iya ɗauke da abin da ke ja sama da abin da ke ja ƙasa. Akwai kuma batun lokaci: zazzaɓi ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, a daidai lokacin da aikin gona yake sauke sukari da gaske. Idan HbA1c ya sauka a watan Oktoba, dole a tambaya ko aikin gona ne ko fashewar jini.

6.5 Misali da lissafi

A ɗauka manomi mai shekara 50, wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani mako uku da suka wuce, an auna HbA1c ɗinsa an sami 6.9. Bisa lissafin ADAG, matsakaicin gulukos ɗinsa 151 ne, sai a ce ya ci gaba da maganinsa yadda yake. Amma awon yatsa da aka yi masa a lokuta daban-daban na yini ya tsaya a wajen 185, wanda ya yi daidai da HbA1c na 8.1. Ratar ta haura maki 1. Himogulobin ɗinsa sabo ne, amma kolajin ɗin ƙodarsa da na ƙafarsa tsoho ne, kuma a cikin 185 yake zaune.

7.0 Abinci da magunguna

Tarkacen maƙalewa yana shiga jiki ta abinci da hayaƙin taba. Koschinsky da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 1997 cewa kimanin kashi 10 na abin da aka ci ne yake shiga jini. Uribarri da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa gashi da suya suna haifar da tarkace fiye da dahuwa da turarawa, kuma jiƙa nama da ruwan lemon tsami kafin gashi yana rage shi. A bisa haka tsire da balangu da soyayyen nama sun fi farfesu da naman miya yawansa. Amma gwaje-gwajen rage shi a abinci ƙanana ne kuma gajeru. Ga yawancin gidajen wannan yanki, inda nama ba na kullum ba ne, abin da ya fi nauyi shi ne girman malmalar tuwon masara da aka cire wa dusa, da sukarin shayi da koko da fura, da lemon kwalba.

Magungunan da aka ƙera don tare maƙalewa ba su cika alkawari ba. Aminoguwanidin, wanda Brownlee da abokan aikinsa suka nuna amfaninsa a ɓeraye a 1986, bai cim ma babban burin gwajin ACTION I a kan majinyata 690 ba, an kuma dakatar da aikin maganin alagebiriyum. Metfomin, wanda ake samu a kemis, yana rage metilgilayoksal baya ga sauke sukari. Hanyar da ta tabbata har yanzu ita ce riƙe sukari da hawan jini tun da wuri. Gwajin ACCORD na 2008 kuma ya nuna cewa matsa wa masu haɗarin ciwon zuciya su sauke HbA1c ƙasa da kashi 6 ya ƙara mace-mace, don haka buri yana bin halin majinyaci.

8.0 Shawarwari

8.1 A rubuta rukunin himogulobin da awon yawan jini a katin duk mai ciwon sukari kafin a fassara HbA1c, a kuma tambayi zazzaɓi ko ƙarin jini na wata uku da suka wuce.

8.2 Ga mai SS ko SC, da mai juna biyu, da wanda jininsa ya fashe ko ya zuba kwanan nan, a tabbatar da ciwo da gulukos: miligiram 126 cikin desilita kafin karyawa, ko 200 sa'a biyu bayan shan gulukos na gwaji. A bi su da awon yatsa ko furuktosamin.

8.3 Ɗakunan gwaji su duba jerin shirin NGSP mai daidaita awon HbA1c don sanin ko na'urarsu tana jure himogulobin S da C.

8.4 A auna ɓarnar kanta: duba ƙafa da zaren gwaji na giram 10, albumin a fitsari, da duban cikin ido, aƙalla sau ɗaya a shekara, tare da tsarin turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko manyan asibitocin Katsina da Kano.

8.5 A koya wa manoma sa rufaffen takalmi a gona da duba tsakanin yatsun ƙafa kullum.

8.6 A gudanar da bincike a Malumfashi da Funtuwa da zai kwatanta HbA1c da furuktosamin da gulukos a masu AA da AS da masu ƙarancin G6PD, a rani da kuma kaka.

9.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa yawan maƙalewa ya dogara da yawan sukari da tsawon lokaci da tsawon rayuwar furotin. Daga wannan ƙa'ida abu biyu suka fito. Na farko, shekarun farko na ciwon su ne suka fi tsada, domin abin da ya ɗaure kolajin a lokacin ba ya kwancewa, don haka gano ciwon da wuri ya fi kowane magani da ake da shi a yau tasiri a kan tarkacen maƙalewa. Na biyu, HbA1c shaida ce ta furotin mai gajeren rai a kan abin da yake faruwa ga furotin mai dogon rai, kuma shaidar tana inganta ne idan jar ƙwayar jini ta cika kwanakinta. A yankin Malumfashi da Funtuwa wannan sharaɗi ba ya cika ga kaso mai yawa na jama'a, saboda haka ya kamata a riƙa karanta sakamakon HbA1c tare da awon jini da awon gulukos da duban ƙafa da ido da fitsari kafin a yanke hukunci kan magani.